Jarabawar 'Yan Aji Uku a Cikin Keji

Kowace Asabar Auta ce ke share kejin ɓerayen masar ɗinmu, Ƙato da Gwaggo. Takan kwashe jiƙaƙƙiyar shimfiɗa, ta sa tsohuwar jarida, ta zuba ciyawa.

Wannan Asabar ɗin ina fama da wanki, ga tukunya a wuta, baban yara na cigiyar makulli. Da na zauna duba jarabawar 'yan ajina, sai na tarar da tebur wayam.

"Auta, ina takarduna?"

"Jarida ce ta ƙare, Mama. Waɗannan kuma an riga an ɓata su da rubutu."

Na durƙusa gaban keji. Gwaggo ta yi fitsari a kan tambaya ta biyu, Ƙato kuwa ya tauna sunan wata yarinya har da rabin lissafinta.

Na shanya takardun a igiya, na duba su a tsaye ina toshe hanci. Uku dai ba su karantu ba.

Ranar Litinin na faɗa wa ajin gaskiya, na ce masu ukun za su sake rubutawa. Wata a layin baya ta ɗaga hannu.

"Malama, tawa fa? Don Allah ki mayar wa ɓeran ya ƙarasa cinye ta, ni ma in sake."