Na Kai Inna Wajen Mai Gyaran Kwamfuta

Mafarkin da na yi jiya da dare, da ana goge mafarki yadda ake goge fayil, da tun da na farka na goge shi na huta.

Sunana Nafi'u. Ina da ɗan shagon buga takardu da gyaran kwamfuta a Funtuwa, kuma duk wanda kwamfutarsa ta yi tari a unguwarmu ni yake nema. Wallahi mutane sun ishe ni. Mutum ya ɗura mata hotunan biki har ta kasa numfashi, sannan ya zo yana rantsuwa wai sammu aka yi mata. Ni kuwa maganata ba ta canzawa: kashe ta ka kunna, share tarkace, abin da kake so kuma ka ajiye kwafinsa a wani wuri tun kafin ka zo kana yi mini kuka a shago.

Ni ne ɗan farin Inna, saboda haka tun da ta haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba. In za ta ba ni abinci, ƙanena Tasi'u take miƙa wa, ta ce, "Kai wa yayanka." In na shiga gaishe ta sai ta ja mayafi, ta juya fuska, ta amsa wa bango. Kunyar ɗan fari ke nan, haka muka taso muka tarar. Yanzu mantuwa ta kama ta. Buta na hannunta take neman buta, jikokinta ma sai an gaya mata ko su wane ne. Amma har jiya da safe da na shiga, ta kawar da kai. Wannan kawar da kan shi kaɗai ya rage mini shaidar cewa uwata ta san ni, kuma da fargabar rasa shi nake kwana nake tashi.

To, a mafarkin sai na gan ni a wani gari ina tafe da Inna a hammata. An ninke ta gida biyu kamar laftof, igiyar cajinta tana jan ƙasa. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Ruwa ake yi, amma daga ƙasa yake tsatsafowa yana tafiya sama, don haka kowa ya kifa laimarsa a tsakanin ƙafafu yana tafiya a tattale. Ban ga abin mamaki a ciki ba.

A bakin kasuwa na tarar da wani mahauci ya ɗaga wuƙa ya tsaya cak, wani ɗan zobe irin wanda kwamfuta ke nunawa in ta sa mutum jira yana ta juyawa a saman kansa. Na yi masa sallama bai amsa ba. Matar da ke jiran nama ta ce, "Ƙyale shi, sabuntawa yake yi. Tun bara aka ce saura kaɗan."

Na ce, "Baiwar Allah, ina mai gyara yake a garin nan?"

Ta ce, "Bi kibiyar can."

Wata farar kibiya ce take yawo a iska ba mai riƙe da ita. Na bi ta.

Sai ga ni a ofis. Wani bunsuru ne a bayan tebur, da tabarau, yana taunar igiyar firinta. Bai ce in zauna ba. Na buɗe Inna na ɗora a tebur, ta zauna ta miƙe ƙafafu, ta juya mini baya.

Na ce, "Ranka ya daɗe, mantuwa take yi. Tana daɗewa kafin ta tashi, in an tambaye ta abu sai ta tsaya tana kallon mutum."

Ya ce, "Ka kashe ta ka kunna?"

Na ce, "Haba! Uwata ce fa."

Ya ce, "Ban tambaye ka dangantakarku ba. Kana da kwafinta?"

"Kwafin uwa? A ina ake yi?"

Ya tofar da guntun igiya ya ce, "Haka kuke dukanku. Sai abu ya lalace ku zo kuna yi wa mutum kuka a ofis."

Maganata ce, har da yadda nake karkata baki in zan faɗe ta. Ban taɓa sanin haka take da zafi ba sai da na ji ta a bakin bunsuru. Ya leƙa kunnen Inna da tocila, ya daɗe yana leƙe, sannan ya ce, "Kanta ya cika maƙil, har ya nuna ja. Shiga ka rage kaya. Kada ka taɓa abin da ba ka sani ba."

Na ce, "Wannan kuma ba sai ka koya mini ba, sana'ata ce."

Sai ga ni a cikin kan Inna. Wani makeken fili ne cike da rumbuna, an cusa su har babu wurin aje ƙafa, kowane da sunansa a jiki da ajami. Ga na Tasi'u, ga na autarmu Ladidi, ga na marigayi Babanmu. Ga rumbun waƙoƙin daka, ga na yadda ake haɗa daddawa. Har wata maƙwabciya da ta ari rariya ba ta dawo da ita ba tana da nata ɗan rumbun.

A bakin ƙofa akwai wata zabuwa. Ta ce, "Ni ce mai bincike. Faɗi suna in nemo maka."

Don in gwada ta na ce, "Tasi'u." Kafin in rufe baki ta je ta dawo da kukansa na ranar da aka yi masa kaciya.

Na gyara murya na ce, "Nafi'u."

Ta ruga. Ta zaga rumbunan nan kaf, ta tona ƙasa, ta leƙa ƙarƙashin turmi, ta dawo tana haki. Ta ce, "Babu. Ko Nafisa kake nufi, 'yar mai ƙosai?"

Na ce, "Nafi'u na ce! Ɗanta na fari!"

Ta sake zagawa ta dawo. Ta ce, "Babu mai wannan suna a nan."

Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa ji ba. Ni ke kai ta asibiti, ni ke tashi in ta yi tari, ni na rufa mata ɗaki da kwano. Mai rariya ta samu rumbu, 'yar mai ƙosai ta samu, ni ko gurbin kaza ban samu ba. Na zauna a ƙasa, ruwan nan yana tasowa yana shiga mini hanci, na yi kuka kamar ba magidanci ba.

Wani abu ya taɓa mini kafaɗa. Tsintsiya ce, tsaye da kanta, ta ɗaura ɗankwali. Ta ce, "Sannu, Malam. Ni ce mai share tarkace, kuma kyauta nake aiki. In duba maka?"

Na san irinsu sarai. Kullum ina gargaɗin mutane su yi hattara da manhajar da ta zo da kanta tana cewa kyauta ce. Amma na ce ta duba.

Ta ce, "Ai na riga na gano abin da ya cinye wurin. Dubi bayan rumbunan can. A'a, kada ka kalle shi kai tsaye, ɓoyayye ne. Kalla da wutsiyar ido."

Na kalla da wutsiyar ido, sai ga wani ƙaton ɗaki dishi-dishi. In na juyo sosai sai ya ɓace, in na kawar da kai sai ya dawo. Ya fi duk rumbunan girma in an haɗa su.

Na ce, "Mene ne a ciki?"

Ta ce, "Oho. Ba shi da suna, kuma ba a taɓa buɗe shi a gaban kowa ba. A wurinmu duk abin da ba suna, ba a kuma buɗewa, tarkace ne. In na share shi za ka samu wurin da za ka sa abin da kake so."

Wata 'yar taga ta buɗe a iska a gabana, da dogon rubutu, a ƙasa an sa Eh da A'a. Sau nawa na yi wa mutane faɗa a kan su karanta kafin su danna? Ban karanta ba. Haushi nake ji, kuma ina son wuri. Na danna Eh.

Tsintsiya ta shige ta baya, na ji shar, shar, shar. Can sai ɗakin ya ɓace, fili ya buɗe fetal, jan da ke sararin sama ya koma shuɗi. Na tsinci gawayi na durƙusa na rubuta sunana a ƙasa, manya-manyan baƙaƙe, daga wannan bango har wancan. Na bi kansa na sake bi don kada ya goge. Na ce, to, yanzu a sake cewa babu ni.

Sai ga ni a waje, a tsakiyar titi. Ruwa yana ta tashi sama, amma yanzu da kaya yake tafiya. Wata 'yar hula ta wuce ta gaban fuskata, na gane ta, tawa ce ta ranar suna. Sai haƙorina na farko, ƙulle a bakin zane. Sai tarin da na yi lokacin da na yi ƙyanda, yana tashi yana ƙara, da hannun mace a kan goshina cikin duhu inda ba mai gani. Sai ranar da aka fara kai ni makaranta, amma ta ramin zana ake hango ni, ina tafe ina waiwaye. Sai tsokar naman da ake turawa ƙarƙashin tuwo a kwanon da Tasi'u ke kawo mini. Sai ɗaurin aurena, an leƙo shi ta bayan ƙyaure. Duk abin da ya wuce, ta gefen ido aka gan shi. Babu ko ɗaya da aka kalle ni kai tsaye, kuma babu ko ɗaya da aka yar.

Ɗakina ne na share. Na yi tsalle ina cafkar iska, hular ta goge mini yatsa ta wuce. Na ƙwalla wa tsintsiya kira ta tsaya, ta leƙo daga cikin gajimare ta ce, "An gama, Malam. In ka ji daɗin aikina ka gaya wa abokanka."

Na ruga kwandon shara, don na san duk abin da aka goge can yake fara sauka. Kwandon ya kai girman masallacin Juma'a, wata ungulu tana gadinsa tana saƙa hula.

Na ce, "Don Allah, Hajiya, kayan da aka share yanzun nan. A mayar mini da su."

Ba ta ɗago ba ta ce, "Ba su biyo ta nan ba. Abin da ya fi ƙarfin kwando wucewa ake yi da shi kai tsaye. Ai an rubuta maka a taga."

"Ban karanta ba."

Ta ce, "Ba mai karantawa."

Sai ga ni a ofis kuma. Bunsuru ya gama da igiyar firinta ya koma kan labule. Na durƙusa a gabansa, ni Nafi'u, na kama kofatonsa. Na ce, "Ranka ya daɗe, akwai manhajar da ke dawo da abin da aka goge, na sani, ina da ita a shago. Ka taimake ni don darajar iyayenka."

Ya ce, "Akwai. Abin da aka share yana barin sawu, ana iya bin sawun a tattaro shi, muddin ba a ɗora wani abu a wurin ba." Ya sauke tabarau ya dube ni. "Ba ka dai rubuta komai a wurin ba ko?"

Na dubi hannuna. Baƙi ƙirin da gawayi.

Ya ce, "To, sai haƙuri. Amma fa za ka ga sauri."

Ya danna wa Inna babban yatsan ƙafa. Ta yi wata 'yar ƙara mai daɗi, ta buɗe ido nan take, ba jira ba zobe. Ta miƙe zaune garau, ta nemi butarta ta gan ta, ta lissafo jikokinta ɗaya bayan ɗaya ba ta tsallake kowa ba. Ta tambayi ko Tasi'u ya dawo daga gona. Bunsuru ya ce, "Ka gani? Kamar sabuwa."

Sannan ta juyo gare ni. Ba ta ja mayafi ba. Ta dube ni tsakiyar ido, abin da ba ta taɓa yi ba tun da nake, sai a lokacin na san idanunta ba baƙaƙe ba ne, ruwan ƙasa ne. Ta yi mini murmushi irin wanda take yi wa mai kawo itace.

Ta ce, "Nafi'u ko? Sannu, Nafi'u. Kai, sunan nan da daɗin faɗi yake. Nafi'u." Ta gyara zama ta ce, "Ɗan gidan wane ne kai?"

Na buɗe baki in amsa, sai ɗan zoben nan ya fito a saman kaina ya fara juyawa. Bunsuru ya ɗauki cokali yana kankarar tebur, ƙar, ƙar, ƙar, yana cewa na gaba ya shigo.

Na farka. Matata Barira ce a tsakar gida take kankare ƙanzon tukunyar tuwon jiya. Ta hango ni ta taga ta ce, "Ka makara fa. Inna ta tashi tun ɗazu, yau da sauƙi sosai, sai hira take da kowa."

Rana ta take yanzu, na yi wanka, na sa riga, na zo bakin ƙofarta na tsaya da takalmina a hannu. Ina jin muryarta a ciki tana dariya. Har yanzu ban yi sallama ba, tsoro nake ji kada ta amsa mini da fara'a.