An Kore Shi, Ba A Cire Shi Ba

"Umma, wa ya gaya wa Baba Direba jiya za ki makara?"

Matajin ya tsaya cak a tsakiyar kan Gimbiya. Uwar ta juyo da fuskar yarinyar a hankali.

"Wane direban?"

"Wanda aka kora mana. Ya zo bakin ƙofar makaranta da biskit, wai ke kika aiko shi, aiki ya riƙe ki a asibiti. Ni kuwa na ce ba ki taɓa aiko kowa ba, na ruga wajen Anti malamarmu."

Ta rungume ta har yarinyar ta ce ana matse ta. Ba ta gaya wa kowa za ta makara ba, ko mijinta. Wuri ɗaya ta rubuta: shafin makaranta na intanet, inda kowace uwa take da akawun ɗinta, da hoton ɗanta, da adireshin gida, da lokacin tashi. Shi kuwa direban, zangon da ya wuce aka sallame shi, bayan wata yarinya da yake saukewa a ƙarshe ta fara ihu duk safiya idan ta hango motar. Makarantar ta rufe zancen ruf.

* * *

Ofishin sakataren makarantar ƙamshin sabon fenti yake yi. Ta ƙi kujerar da aka miƙo mata, ta tsaya a bayansa da kayan aikinta na jinya har ya buɗe rukunin ma'aikata a kwamfuta. Ga malamai, ga mai gadi, ga direbobi. Can ƙasa ga fuskar direban da aka kora yana murmushi, da ɗan koren ɗigo a gefen hoton.

"Wannan koren fa?"

Sakatare ya sosa ƙeya. "Yana nufin... yana ciki yanzu haka."

"Cire shi."

"Maman Gimbiya, ni ƙarawa kawai nake iya yi. Cirewa sai mai babban akawun."

"Waye shi?"

"Ƙanin mijin Hajiya, shi ya gina mana shafin. To sun ɓata, ko wayarta ba ya ɗagawa." Ya yi 'yar dariyar yaƙe. "Ai har marigayi malamin lissafi yana nan, kin gan shi."

Ba ta taya shi dariyar ba.

Hajiya mai makarantar ta shigo tana gyara mayafi, ta saurari komai tana kaɗa makullin mota.

"Ƙanwata, ai Allah ya tsare. Me zai yi da shafi, mutumin da ko saƙo da ƙyar yake rubutawa?"

"Karantawa dai ya iya, Hajiya. Ku rufe shafin gaba ɗaya."

"Ana gobe jarrabawa? Ki rufa mana asiri. Kuma don Allah kada ki tayar wa iyaye da hankali, za mu duba."

"To ku goge 'yata daga shafin."

Sakatare ya dubi Hajiya, sannan ya sunkuyar da kai. Gogewar ma sai mai babban akawun.

* * *

Ta shiga aji ta ɗauko Gimbiya da jakarta da gorar ruwanta. Yarinyar tana tambaya ko hutu aka yi, ita kuwa lissafi take: za ta iya sauya makaranta, za ta iya sauya hanya, amma gidan haya ba ya tashi a yini ɗaya, kuma direban yana da adireshin.

A bakin ƙofa ta tari wata uwa da ta sauke tagwaye, ta gaya mata komai a tsaye. Matar ta dafa ƙirji, ta yi salati, ta ce lallai za ta yi magana. Sai ta duba agogo. Kafin Maman Gimbiya ta sami motar haya, ta hango matar jingine da bango, kanta a sunkuye kan waya, tana rubuta wa makaranta a shafin nan cewa yau taro zai riƙe ta, yaran su jira a waje.

Ke da kike karanta wannan, kafin ki sake rubuta inda ɗanki zai tsaya shi kaɗai, ki je da ƙafarki ki ga su wa ke ciki. Kada ki tambaya ko an kori mutum. Ki tambaya ko an cire shi.