Littafin da Ya Sha Man Kifi

Sunana Tamba, manomin shinkafa ne ni a fadamar Argungu, kuma ban san haruffan boko ba sai da furfura ta cika mini gemu. A ajin yaƙi da jahilci na koya, tare da aminina Sunusi, masunci, wanda muka tashi unguwa ɗaya. Da muka kammala ajin sai muka tarar da abin da ba mu zata ba: mun iya karatu, amma babu abin karantawa in ban da allunan shaguna da kwalayen magani.

Malamar ajinmu ce ta sa lambobinmu a wani zaure na Watsaf inda ake musayar littattafai. Wadda ta kafa zauren sunanta Magdalena, malamar sakandare ce da ke zaune a Gesse cikin Birnin Kebbi, iyayenta mutanen Filato. Tsarin ba shi da wuya. Mai littafi ya ɗauki hoton bangonsa ya sa a zaure, mai so ya ce yana so, in ya gama ya mayar. Mutanen birni kan miƙa wa juna hannu da hannu. Namu kuwa direba ake ba wa a tasha, mu je mu karɓa a tashar Argungu. Ban taɓa jin Magdalena ta gaggauta wani ba, alhali ta san irinmu da yatsa muke bin layi.

A wurinmu, idan maƙwabci ya aiko maka da abinci, ba ka mayar masa da kwano haka nan. Ko goro ne sai ka sa a ciki. Babu wanda ya gaya mana cewa littafi ya bambanta da kwano, mu ma ba mu ga bambancin ba. Saboda haka duk littafin da ya zo Argungu, da rakiya yake komawa. Ni albasa nake sakawa, ko sabuwar shinkafa idan an yi girbi. Mutanen birni suka ji daɗin abin, har suna zolayar juna cewa wanda cefane ya ƙare masa ya aika littafi Argungu.

Akwai wani kafinta a zauren mai suna Silvanus, shagonsa na Gwadangaji. Ya sa hoton wani tsohon littafin Hausa da ya gada wajen mahaifinsa, labarin mutanen da suka yi doguwar tafiya cikin kwalekwale, ya kuma faɗa tun farko cewa an daina buga irinsa. Sunusi ya nema, aka aiko masa. Duk daminar nan yana tare da littafin. Kafin ya taɓa shi sai ya wanke hannu da sabulu, ga shi kuma ya samo masa tsumma mai tsabta na naɗewa. Idan na je zauren gidansa, ba ya barina in zauna sai ya karanta mini inda ya tsaya.

Da ya gama, ya ce mini littafi irin wannan ba goro ya dace da shi ba. Ya zaɓi tarwaɗa mafi ƙiba cikin kamun satin, ya yi mata banda da hannunsa, ya naɗe ta da littafin cikin takardar siminti guda, ya ɗaure tam don kada direba ya raba kyauta da mai ita. Motar ta daɗe a rana kafin ta cika, ƙunshin kuwa yana gaba, kusa da gilashi.

Washegari Silvanus ya sa hoto a zaure, bai rubuta ko kalma ɗaya ba. Man kifin ya ratsa littafin daga bango zuwa tsakiya, takardun sun yi shara-shara, har rubutun baya yana fitowa ta gaba.

Zaure ya ɗauki zafi. Wasu suka ce a daina aika littafi Argungu. Wasu suka ce a hana aiko kowace irin kyauta. Wani ma ya tambaya ko mutanen da ba su san darajar takarda ba sun cancanci zama cikin masu karatu. Da yake yawancin maganganun da murya aka turo su, Sunusi ya saurare su duka, babu wadda ta wuce shi. Kafin la'asar ya fita daga zauren.

Na same shi bakin gulbi yana gyaran taru. Na yi masa magana iyakar iyawata, bai ɗago kai ba. Daga ƙarshe ya ce, "Tamba, mutum ya ba ni abin ubanai, na lalata shi. Karatun ga ya ishe ni haka." Na san Sunusi, idan ya ajiye abu, ya ajiye ke nan. Abin da ya fi damuna shi ne, karatun da aka koya da girma ba ya jure ajiya. Idan ya bar shi shekara guda, haruffan za su gudu su bar shi.

Magdalena ta rufe zauren na wuni ɗaya don kowa ya huce, sannan ta kira ni. Bayan gaisuwa ta ce, "Baba, idan na sa doka cewa kada a ƙara haɗo komai da littafi, me zai faru a wajenku?"

Na gaya mata gaskiya: babu wanda zai yi gardama, kuma babu wanda zai sake aron littafi, domin dattijo ba zai karɓi abin mutum ya mayar masa hannu wofi ba. Sai ta shiga yi mini tambayoyi a kan al'adar, kamar ɗaliba: wa ke fara aikawa, me ake mayarwa, kuma idan wanda aka mayar wa ya ga abin ya fi nasa yawa, yaya yake yi? Na ce shi ma sai ya sake aikowa. Ta ce ta gode, in gaya wa Baba Sunusi yana da baƙi ranar Asabar.

Da hantsi suka iso, ita da Silvanus, yana ɗauke da akwatin katako a kafaɗa. Sunusi ya so ya zille, amma baƙo ya riga ya yi sallama a ƙofa. Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo ruwa da fura, aka yi gaisuwa mai tsawo, Sunusi yana kallon ƙasa. Da ya buɗe baki zai ba da haƙuri, Silvanus ya riga shi.

"Baba, ba zan ɓoye maka ba, raina ya ɓaci ƙwarai. Littafin nan ba zai gyaru ba. Kuma hoton da na sa a zaure, kamata ya yi in kira ka tukuna. Amma kifin, mun cinye shi."

Sunusi ya ɗago kai karo na farko. "Kun ci?"

"Har ƙaya. Ina cikin fushi ina ci, matata tana yi mini dariya. Ta ce in tambaye ka wane itace kake banda da shi."

Magdalena ta ce tun da suka baro birni yake yabon kifin nan, har direba ya tambaya ko sayarwa suke yi. Na ga gefen bakin Sunusi ya motsa.

Sai Silvanus ya buɗe akwatin. Gida biyu ya yi masa, da bango a tsakani. Ɗaya ya lulluɓe cikinsa da kwanon rufi, na kifi da albasa da duk abin da mutanen Argungu suka ga dama. Ɗayan kuma busasshe, mai murfinsa daban, na littattafai. Magdalena ta yi bayani cewa daga yanzu akwatin ne zai riƙa zirga-zirga tsakanin tashoshin biyu, kuma ta riga ta sanar a zaure cewa ba a hana kyauta ba, kuma duk mai ƙorafi a kan littafi ya fara kiran wanda ya ara kafin ya kai maganar gaban jama'a.

A gidan littattafan akwai wani littafi guda, ba wanda ya lalace ba. Silvanus ya ɗauko shi da hannu biyu ya ajiye gaban Sunusi.

Sunusi ya ja baya. "A'a, ɗana. Ni na gama."

"To Baba, sai ka koya mini yadda ake yi. An ce a garinku ba a cin abin mutum a mayar da kwano haka nan. Na ci kifinka. Ni ba ni da gulbi, ba ni da gona. Wannan ne abin da nake da shi. In koma da shi Gwadangaji a ce Baba Sunusi ya ƙi karɓa?"

Sunusi ya dube ni, ya gane daga inda maganar ta fito. Ya ce, "Tamba, kai ka sayar da ni ga mutanen ga." Na ce tambayata aka yi, na amsa.

Ya daɗe yana kallon littafin bai taɓa shi ba. Sannan ya tashi ya shiga cikin gida, muka ji ƙarar buta. Ya fito yana goge hannu a rigarsa, ya zauna, ya ɗauki littafin ya duba bangonsa, leɓɓansa suna motsi a hankali har ya kai ƙarshen sunan. Ya ciro wayarsa daga aljihu ya miƙa wa Magdalena.

"Ɗiyata, maida ni cikin zauren. Hita na iya, shiga ce ban san inda ake dannawa ba."