Kitson Matar Kaisar

Rumfata ta zaitun tana jikin rumfar Zosima mai kitso a unguwar Subura ta birnin Rum, don haka a gabana aka yi komai.

Ita ta ƙirƙiro wani kitso mai hawa uku, ta koya wa ƙanwarta Tirifena. Da aka zo daga fada neman mai gyaran gashi, Tirifena aka ɗauka, wai hannunta ya fi laushi. Zosima ta yi dariya ta ce Allah ya ba da sa'a.

Da kaka sai sababbin kwabban tagulla suka fito da hoton kan matar Kaisar a jiki. Matar mai gidan burodi ce ta fara kawo ɗaya.

"Zosima, irin wannan nake so. Za ki iya kuwa? An ce aikin ƙanwarki ne."

Zosima ta daɗe tana kallon kwabon. Hawa uku ne, har da 'yar lanƙwasar bayan kunne.

"Zauna," ta ce. Ranar matar nan ta tashi da hawaye saboda jan gashi.

Daga nan kowace mace da kwabonta take zuwa, kowace kuma sai ta ambaci Tirifena. Zosima ta rame. In aka biya ta, sai ta kife kwabon, fuskar na kallon ƙasa.

Rannan sai ga Tirifena da mayafi mai tsada, ta durƙusa a bakin rumfa.

"Yaya, uwargijiyata ta gaji da wannan, sabo take so. Na yi, na yi, kaina ya ƙafe. Ki taimake ni."

"Ni? Mai kaushin hannu?" in ji Zosima. "Ai ke ce gwanar Rum. Je ki tambayi kwabo."

"Yaya, korata za a yi."

Zosima ta ci gaba da wanke matajinta har yarinyar ta tafi.

Aka kuwa kore ta. Zosima ta sayi ɓaure ta raba mana, ranar har waƙa ta yi.

Amma Tirifena ba ta da inda za ta sai unguwarmu. Ta kama rumfa a tsallaken hanya. Kafin mako ya zagayo mata sun yi layi a can, kowace na son hannun da ya taɓa kan matar Kaisar ya taɓa nata. Har matar mai burodi ta tsallaka, tana sunkuyar da kai.

Zosima ta juya kujerarta ta fuskanci bango. Haka take zama har yau, amma duk wadda ta shiga rumfar Tirifena, Zosima ta san da ita, don ni take tambaya.