Minti Biyar na Royce

Shekara tara Wendell Haskins ya yi yana shirin taka duniyar wata, bakin mutum ɗaya ya raba shi da tafiyar. Suna gasa nama a bayan gidansa a Houston ya gaya wa amininsa Royce Tackett cewa jiri yana ɗan ɗibarsa in ya juya kai da sauri. Kwana uku tsakani likita ya kira shi. Kafin mako biyu an soke sunansa, an sa na Royce.

Royce ya zo ban haƙuri, wai tsoro ya ji kada a rasa rai. Wendell ya miƙa masa giya mai sanyi, ya ce ba komai. Ƙarya yake yi. Tun ranar ya tsani mutumin, irin tsanar da ake kwana da ita a tashi da ita.

Ƙa'idar aikin ita ce, duk yawan jama'ar zauren kula da tafiya, mutum ɗaya ne ke magana da waɗanda ke sama, kuma sai matuƙi ɗan'uwansu. Wendell ya nemi kujerar aka ba shi, har ana yabon kyan halinsa.

Ya san abin da yake jira. Kafin mutum ya bar doron wata akan ba shi minti biyar nasa na kansa. Royce ya yi wa matarsa Darlene alkawarin zai kira sunan 'yarsu da ta rasu tana shekara shida, ya faɗa mata abin da bai samu faɗa ba a asibiti. A gaban Wendell aka yi alkawarin.

Da lokacin ya yi, Royce na kan wata, masanan duwatsu suka aiko da takarda kamar kullum, suna roƙon a ƙara musu dutse ɗaya. Bisa al'ada mai kujerar ne ke kare ɗan'uwansa daga kwaɗayinsu. Shugaban zauren ya sunkuyo.

"Wendell, mutanen nan sun ishe ni. Kai ka san Royce. Ya tanadi wani abu ne?"

"Babu, yallaɓai. Surutu ne kawai."

Ya danna maɓalli, murya kamar mai karanta labarai. "Royce, mutumina, akwai wani farin dutse a hagunka, taku arba'in. Malamai na ta hawaye a kansa. Je ka ɗauko musu."

Muryar Royce ta dawo daga sama.

"Yanzu, Wendell?"

"Yanzu. In ka gama ka wuce tsanin kumbo."

Duniya na saurare, irinsu kuma ba sa musu a rediyo ko da wuta ce ke cin su. Royce ya tafi. Wendell bai bar masa ko numfashi ba: lambar jaka, ragowar iska, zafin riga, sake faɗa ban ji ba. Haka ya cika layin da lambobi har aka rufe ƙofar kumbon. Daɗi ya ji, daɗi sosai, bai kuma ji kunyar jinsa ba.

Da yamma ya koma gida yana fito. Ya tarar da matarsa Lorene a kicin, ko takalmi ba ta cire ba. A gidan Darlene ta wuni tare da sauran matan, gaban akwatin da ke kawo musu muryar mazansu.

"Awa uku tana riƙe da hannuna," in ji Lorene. "Da ta ji batun dutsen ta ce, Wendell ne fa, zai ba shi dama. Har aka rufe ƙofa tana cewa zai ba shi."

"Shi ya ba ni?"

Lorene ta juyo ta fuskance shi.

"Ba Darlene ce ta je wajen likita ba, Wendell. Yarinyar ma ba ita ba ce."

Ta ɗauki jakarta ta koma gidan Darlene.