Daɓen Ɗakin Inna

Ni Bara'atu, da tsufana, gidan suruki nike kwana a Goronyo. Abin kunya! In mijin ɗiyata Rahama ya shigo sai in ja mayafi in lafe, ko tari ba ni iya yi da ƙarfi. Alhali ina da gidan ubana a Wurno, da ɗakin Inna, inda anka haife ni, anka haifi yayana Malam Mainasara mai rubuta waƙoƙi.

Tun da Malam ya rasu ni kaɗai ce a gidan, daga ni sai kaji. Ruwa ya ci katanga, azara ta ruɓe, ba wanda ya leƙo. Sai da anka fara rera waƙoƙinsa a rediyo, kwatsam ga ɗansa Uwaisu da mutanen kwamiti, wai za a gyara wurin ya zama gidan tarihi.

"Goggo, ki ɗan zauna wurin Rahama," in ji Uwaisu. "Da an gama sai ki dawo ɗakinki."

Na yarda. To mi zan ce?

Sun yi aiki, ba ni cin haƙƙinsu. Magina sunka tada katanga da jar ƙasa, anka jera sabuwar azara. Da anka zo kan ƙasan ɗakin Inna sai aiki ya tsaya. Kwamiti ba su son siminti, daɓe suke so irin na da, daɓe kuwa aikin mata ne. Uwaisu ya zo har Goronyo ya ɗauke ni.

Wallahi na yi murna kamar yarinya. A da in za a yi daɓe mata ke cika ɗaki, kowace da madaɓinta, ana bugu ana waƙa ana yi wa juna tsiya. Na aika a kira mani ƙawata Atika, anka ce ta rasu bara. Ɗayar ƙawar tawa, Halimatu Sa'adiya, ta makance, tana Gandi wurin jikoki. 'Yan matan unguwa sun zo, da sunka ji warin makuba, ruwan ɓawon ɗorawa da ake jiƙa ƙasar da shi, sai sunka toshe hanci sunka watse. 'Yan nema!

Ni kaɗai na durƙusa. In watsa tsakuwa, in yayyafa makuba, in buga. Na ɗauko waƙa, ba mai amsa mani, sai na bar ta na ci gaba da bugu. Gwiwoyina sun kumbura, tafin hannuna ya tsage. Amma ina bugu ina rabon wuri, nan gadona zai zauna, can randa. Har ƙasa ta yi sumul tana ƙyalli.

Ranar buɗe gida na zo da ƙunshin kayana a ka. Jama'a maƙil, har da masu ɗaukar hoto. Na nufi ɗakin Inna, sai ga igiya an gitta a ƙofa.

"Uwaisu, wagga igiya ta mi ce?"

"Goggo, kwamiti sun ce kada kowa ya taka, daɓen zai lalace." Ya kasa duban idona. "Kuma sun ce ba a kwana a gidan tarihi. Ki yi haƙuri, bayan la'asar zan mai da ki Goronyo."

Ni da ba a kada ni a faɗa, sai ga ni na ja da baya. Na tsaya bayan igiya ina leƙen ɗakin uwata tare da baƙi, zuciyata tana ƙuna.

Wata mata daga Achida ta matsa mani wuri. "Iya, matso ki gani, aikin ya yi kyau. Ke ma kallo kinka zo?"

Na gyara ƙunshina a ka.

"I, ɗiyata. Kallo na zo."