Ranar da Tomonaga Ya Ƙi Ƙona Nogami

Shekarar da ambaliya ta cinye shinkafa, mutanen ƙauyen Nogami suka ƙi kawo kason ubangidanmu, Kurahashi Motoie. Manzon da aka tura musu ya dawo da karyayyen hannu.

Da hantsi Motoie ya tara mu a babban zaure. Ina durƙushe wajen ƙofa, ƙanin mahaifina Tomonaga kuwa yana gaba, inda ya saba zama tun zamanin uban Motoie.

"Tomonaga, ɗebi mahaya ka je ka ƙone Nogami," in ji Motoie. "Ko rumbu kada ka bari."

Baffa ya sunkuyar da kai. "Ranka ya daɗe, ba zan je ba."

Wani jarumi mai ji da kansa, Kagetsuna, ya yi 'yar dariya. "Tsoho ya ji labarin laujen manoman Nogami, gwiwa ta yi sanyi."

Motoie bai kalle shi ba, Baffa ya tambaya. "Gonar da kake ci, wa ya ba ka?"

"Gidan nan."

"To da wane baki ake kiran ka samurai, ina cewa tafi kana cewa a'a?"

"Kakanninmu saburai suke cewa," in ji Baffa. "Daga saburau, wato zama kusa da babba, kana lura da abin da yake bukata. Wuta ba ta cikin bukatarka, ranka ya daɗe. Ka ƙone su bana, wa zai shuka maka baɗi? Ba zan je ba, ba kuma zan bar gefenka ba."

Ya ciro takobinsa yana cikin kube, ya ajiye a gaban Motoie, ya miƙa wuya.

Motoie ya tashi. Na ji ƙarar ƙarfe na fita daga kube. Hannuna ya kai kan nawa takobin, ban ma san wa zan kare ba, Baffa ko ubangida. Kaifin ya sauka a ƙeyar Baffa ya tsaya, har jini ya ɗan tsatso. Motoie na huci, Baffa bai ɗaga kai ba.

Can sai Motoie ya kama tukkun Baffa, alamar matsayinsa na samurai, ya yanke, ya jefar a kan tabarma.

"Gonar ta koma hannuna. Tun da zama kake so, je ka zauna a bakin ƙofa tare da masu gadi." Ya juya ga Kagetsuna. "Kawo min wanda ya karya hannun manzona. Shi kaɗai. In na hango hayaƙi, kanka zan sare."

Ni na raka Baffa waje. A ƙofar nan ya tsufa, cikin rigar gadi. Motoie bai sake yi masa magana ba, amma ranar da Baffa ya rasu, da kansa ya kama makara.